Kwana tara a duhu: Me ya sa layin lantarkin Najeriya ke tafiya babu safaya?

Da misalin ƙarfe 4:53 na asubahin Litinin, 21 ga Oktoban 2024, ɗaya daga cikin manyan layukan lantarki biyu da suka taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir da ke kusa da Makurdi ya katse. Nan take wutar da yake ɗauke da ita ta koma kan ɗan'uwansa. Bayan minti biyar shi ma ya sare.

A lissafin kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, megawat 468 ne suka salwanta a wannan asubahi. Kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan na wutar da ake rabawa a faɗin ƙasar a rana ta yau da kullum. Sai dai a kan wannan ɗan kason ne Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Gombe da Yola da sauran manyan biranen Arewa suka rataya a lokacin.

Mutane sun wayi gari babu wuta, kuma babu wanda ya damu, domin an saba. Aka kwana, aka sake kwana. Zuwa ƙarshen mako zancen ya sauya. Rijiyoyin burtsatse da ke aiki da lantarki sun tsaya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. Ƙanƙara ta yi tsada, masu sayar da kifi da kaji na firji suka fara lissafin asara. Masu walda da teloli da masu injin niƙa da masu casar shinkafa, wanda ke da janareta ya kunna, wanda ba shi da shi ya rufe shago. Shi ma mai janaretan ba daɗi ya ji ba, domin a watan ne litar fetur ta haura naira dubu a gidajen mai. Asibitoci suka koma kan dizal dare da rana, shagunan cajin waya suka cika.

Kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa jihohi 17 na Arewa lamarin ya shafa. Gwamnonin yankin da suka yi taro a Kaduna ranar 28 ga watan sun koka a kai, Shugaba Bola Tinubu kuma ya kira Ministan Lantarki Adebayo Adelabu da mai ba shi shawara kan tsaro Nuhu Ribadu, ya ce a samar wa injiniyoyi jami'an tsaro su je su yi gyara.

A duk tsawon kwanakin nan injinan tashoshin lantarki na ƙasar suna juyawa. Ana shan wuta a Legas da Fatakwal da Abuja. Hanyar da za ta kai ta Arewa ce babu.

Hanya biyu, duka a yanke

Tambayar farko da mai sanin taswira zai yi ita ce: me ya kai wutar Kano biyowa ta Enugu?

Manyan madatsun ruwa huɗu da ke samar da lantarki a Najeriya duk a Jihar Neja suke. Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana da ƙarfin megawat 760. Jebba ta biyo baya a 1985 da kimanin 578, Shiroro a 1990 da 600, sai ƙaramarsu a shekaru, Zungeru, mai 700. A takarda sun haura megawat 2,600. Hanyar da wuta ta saba bi zuwa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ita ce daga Shiroro zuwa tashar Mando a Kaduna, a kan layi mai ƙarfin 330kV. Daga Mando reshe ɗaya ya nufi Kumbotso a Kano, ɗayan ya nufi Jos, ya wuce Gombe, daga can ya rabu zuwa Yola da kuma Damaturu da Maiduguri.

Wannan layi na Shiroro zuwa Mando ya ratsa dajin da 'yan bindiga suka yi wa ƙawanya shekara da shekaru. Tun kafin asubahin 21 ga Oktoba an riga an lalata turakunsa, kuma ma'aikatan TCN ba su iya shiga wurin ba tare da rakiyar sojoji ba. Shi ya sa aka karkata wutar Arewa ta doguwar hanya: daga Kudu maso Gabas zuwa Makurdi, ta bi Lafiya, ta hau Jos, sannan ta gangaro Kaduna da Kano.

Wato a ranar da layin Ugwuaji ya katse, a kan safaya Arewa ke tafiya, kuma ta yi kwanaki a haka. Duk direban da ya saba doguwar hanya ya san abin da ke faruwa idan safaya ta fashe alhali tayar farko na cikin but ba a like ta ba.

Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da ake gina manyan layukan lantarki a kanta a duniya, wadda za a iya kira ƙa'idar "ko ɗaya ya faɗi". Ma'anarta, a kowane lokaci ya kasance idan aka rasa abu guda, layi ne ko tiransifoma ko injin tasha, sauran za su ɗauki nauyinsa ba tare da an ɗauke wa kowa wuta ba. Kuma da zarar an rasa ɗayan, a yi gaggawar mayar da tsarin yadda zai sake jure rashin wani. Kudancin Najeriya yana da layukan da suka zagaya suka haɗe kamar zobe, ta yadda wuta za ta iya sauya hanya. Yawancin Arewa kuwa reshe ne miƙaƙƙe. A yanke shi a gindi, duk abin da ke sama ya bushe.

Akwai kuma matsalar nisa. Wutar da ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita tana isa da rauni idan babu na'urorin da za su tallafi ƙarfinta a hanya. Saboda haka ko a ranakun da layin Ugwuaji ke lafiya, ba ya iya kai wa Kano da Kaduna abin da layin Shiroro ke kai musu. Ga madatsu huɗu a maƙwabta, ga jiran ragowar wuta daga Enugu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga baya ma'aikatan TCN sun gano inda wayar ta tsinke a wani daji mai fadama a yankin Igumale na Jihar Binuwai. Nemo wurin kansa ya ci kwanaki.

Masu ɗaukar jinka

Duhun Arewa matsalar hanya ce. Amma a cikin mako guda kafin shi, babban layin ƙasa ya durƙushe har sau uku: 14 da 15 da kuma 19 ga Oktoba. Na ranar 19 ya samo asali ne daga fashewar wata na'ura a tashar Jebba. Zuwa ƙarshen 2024 an ƙirga irin wannan durƙushewa sau 12. Ita wannan cuta ce daban, ko da yake tushensu ɗaya.

Ba a tara lantarki a cikin waya kamar yadda ake tara ruwa a tanki. Wutar da ke kunna fanka a Sabon Gari a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar wani inji ya samar da ita a Egbin ko Shiroro. Dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. Ma'aunin da ke nuna hakan shi ne bugun wutar, wanda a Najeriya ya kamata ya tsaya a kan bugu 50 cikin daƙiƙa guda. Duk injinan da ke haɗe da babban layi, daga Legas har Kainji, da wannan bugun suke juyawa tare. Dokar layin ta yarda ya yi wasa tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayi na lafiya. Idan ya yi ƙasa da 48.75 ko ya haura 51.25, an shiga haɗari.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka a kan ɗaki a ƙauye zai fahimci sauran bayanin. Maza goma sun tallabo ta. Idan kowannensu yana da sauran ƙarfi, ko ɗaya ya yi tuntuɓe sauran tara za su ƙara himma, jinka ta isa. Idan kuwa kowa ya riga ya kai maƙurar ƙarfinsa, faɗuwar mutum ɗaya za ta danne na kusa da shi, shi ma ya saki, cikin ƙiftawar ido kowa ya yi ta kansa.

Haka injinan lantarki suke. Idan inji ɗaya ya mutu kwatsam, nauyinsa yana komawa kan sauran, gudunsu ya ragu, bugun wuta ya fara sauka. Kowane inji yana da na'urar kariya da ke cire shi daga layi idan bugun ya yi ƙasa sosai, don kada ya lalace. Fitar na biyu tana ƙara wa na uku nauyi. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan, allon cibiyar kula da layin ƙasa da ke Osogbo zai nuna megawat dubu huɗu sun koma kusan sifili.

Maganin shi ne sauran ƙarfin nan na masu ɗaukar jinka, wato wutar ko-ta-kwana. Ana barin wasu injina suna juyawa a ƙasa da iyakar ƙarfinsu, ta yadda da zarar bugu ya fara sauka za su ƙara wuta da kansu cikin daƙiƙoƙi, ba sai an buga wa kowa waya ba. A bayansu akwai wasu da za a iya tayarwa cikin mintuna su karɓe su. Mafi ƙarancin abin da ake so shi ne ajiyar ta kai girman inji mafi girma da ke kan layi.

Tashar Egbin da ke Ikorodu, mafi girma a ƙasar, tana da injina shida, kowanne megawat 220. A kan layin da ke ɗauke da 4,000 zuwa 4,500, mutuwar ɗaya daga cikinsu asarar kashi biyar cikin ɗari ce a lokaci guda. Babban layin da ya haɗe ƙasashen Turai an tsara shi ne ya jure rasa megawat 3,000 farat ɗaya, kuma da ƙyar mai shan shayi a Faransa zai lura. Girman layi kansa kariya ne. Ƙaramin layi irin na Najeriya ya fi buƙatar ajiya, kuma shi ne ya fi rashinta.

Bugun na iya haurawa sama ma. Idan hadari ya taso, ƙananan layukan unguwanni suka faɗi ko kamfanonin rarraba wuta suka kashe su don gudun haɗari, sai a wayi gari wutar da ake samarwa ta fi wadda ake sha. Injina su yi gudu fiye da kima, na'urorin kariya su cire su. Manyan masana'antun narka ƙarfe da ke jan wuta mai yawa su saki cikin lokaci ɗaya su ma suna girgiza layin. Shi ya sa damina ke da nata rabon durƙushewar.

Sannan akwai batun ido. Ma'aikacin Osogbo na buƙatar ganin kowace tasha a allonsa, ya kuma iya buɗe layi ko rufe shi daga inda yake zaune. Na'urar da ke yin wannan aiki, SCADA, ba ta game layin Najeriya ba, kuma an daɗe ana aikin kafa sabuwa da tallafin Bankin Duniya. Inda ba ta kai ba, sai an buga waya a tambayi abin da ke faruwa. Matsalar da ke gamawa da layi cikin daƙiƙa biyar ba ta jiran a ɗaga waya.

Wa zai biya kuɗin zaman jira?

Injiniyoyin Najeriya ba su jahilci wannan ba. Tun a 2019 shugaban TCN na lokacin, Usman Gur Mohammed, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa layin ƙasa na tafiya babu isasshiyar wutar ko-ta-kwana, kuma kamfanin ya nemi a sayo megawat 260 na irin wannan ajiya, yana jiran amincewar hukumar kula da harkar lantarki, NERC. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi.

Mai tashar da aka ce ya riƙe megawat 50 kada ya sayar, dole a biya shi kuɗin zaman jiran, domin injinsa na cin gas, yana kuma tsufa. A ƙasashen da tsarin ya zauna, akwai kasuwa ta musamman ta wannan hidima. A Najeriya kuwa kuɗin wutar da aka riga aka sha ma ba ya dawowa cikakke. Tun bayan sayar da kamfanonin NEPA ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, sarƙar bashi ce: kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, kamfanonin rarrabawa 11 ba sa tara abin da ya kamata, gwamnati ta ɗauki alƙawarin cike giɓin farashi ba ta biya a kan lokaci. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai kimanin naira tiriliyan huɗu. Su kuma masu sayar musu da gas suna bin su.

Wannan na da muhimmanci domin sama da kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga iskar gas yake. A takarda Najeriya na da tashoshi masu ƙarfin kusan megawat 13,000. Mafi yawan abin da aka taɓa ɗorawa a kan layi a lokaci guda shi ne 5,801, a watan Maris na 2025. Wani zai ɗauka ratar da ke tsakani ajiya ce. Injin da ba shi da gas, ko yake jiran kayan gyara daga waje, ko babu layin da zai kwashi wutarsa, ba ya ceton kowa a daƙiƙar da ake buƙata.

Akwai kuma siyasa a ciki, kuma ya kamata a faɗe ta. A ƙasar da mutum sama da miliyan 200 ke rabon megawat 4,500, duk jami'in da ya ce a ajiye 400 a gefe zai sha tambaya: ana kukan babu wuta, kai kana ɓoye ta? Minista ya fi son sanar da sabon tarihin yawan wutar da aka samar. Ajiya ba ta da bikin yanke kyalle, kuma ranar da ta yi aikinta babu wanda zai sani, tunda ba a ɗauke wuta ba. Amma lissafin a bayyane yake. Rage wa kowa kaɗan a cikin tsari ya fi sauƙi a kan rasa duka sau goma sha biyu a shekara, da sa'o'in da ake ɓatawa wajen tayar da layi daga sifili, da injinan masana'antu da ke lalacewa a duk faɗuwa.

Ba a rasa manyan alƙawura ba. Yarjejeniyar da gwamnatin Buhari ta ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 ta yi hasashen megawat 7,000 zuwa 2021, 11,000 zuwa 2023, da 25,000 zuwa 2025. An shigo da tiransifomomi da tashoshin tafi-da-gidanka a ƙarƙashinta, amma ko matakin farko ba a taka ba.

Yadda wasu suka yi da nasu duhun

Babu ƙasar da ta fi ƙarfin ɗaukewar wuta. Ranar 28 ga Afrilun 2025, da ƙarfe 12:33 na rana, Sifaniya ta rasa kusan megawat 15,000 cikin daƙiƙoƙi, ta ja Fotugal suka faɗa duhu tare. Jiragen ƙasa suka tsaya, layukan waya suka katse. Rahoton gwamnatin ƙasar ya ɗora laifin a kan hauhawar ƙarfin wuta da ba a tanadi isassun injinan da za su danne shi ba a ranar. Abin lura shi ne yadda aka farfaɗo. An jawo wuta daga Faransa da Maroko, aka tayar da tashoshin ruwa masu iya kunna kansu ba tare da wutar waje ba, aka riƙa haɗa yanki da yanki. Kafin gari ya waye washegari an mayar da kusan duka.

Jihar Ostireliya ta Kudu ta fi kama da Arewa. A Satumban 2016 guguwa ta kayar da turaku sama da 20, layin da ya haɗa ta da maƙwabciyarta ya yi nauyi ya katse, jihar gaba ɗaya ta mutu. A ƙarshen 2017 aka kunna wani katafaren batiri na kamfanin Tesla mai megawat 100 a Hornsdale. Ba zai iya riƙe jihar na tsawon yini ba, kuma ba don haka aka kafa shi ba. Aikinsa shi ne ya zuba wuta cikin ƙasa da daƙiƙa guda idan bugu ya fara sauka, kafin manyan injina su farga.

Afirka ta Kudu kuwa ta sha fama da ƙarancin wuta, musamman a 2023, amma kamfanin Eskom ya zaɓi ya riƙa yanke wa unguwanni wuta bisa jadawalin da kowa ke gani a wayarsa, mataki-mataki, kowane mataki megawat 1,000. A mataki na shida, abin da suke yankewa ya fi duk wutar da Najeriya ke samarwa. Jama'a sun yi ta tsine wa jadawalin, amma babban layinsu bai durƙushe ba. Suna kuma da tashoshi irin su Ingula mai megawat 1,332, inda ake tura ruwa saman dutse idan wuta ta yi rara, a sako shi idan an matsu. Najeriya ba ta da irinta ko ɗaya.

Tsibirai

A wasu lokutan da layin ƙasa ya faɗi, sanarwar TCN kan zo da wani ɗan togaciya: tashar Ibom da ke Akwa Ibom ta ware kanta, ta ci gaba da ba Uyo da Eket da kewaye wuta. A Aba ma, tashar kamfanin Geometric da aka buɗe a Fabrairun 2024 tana ba ƙananan hukumomi tara wuta kai tsaye. Wurin da ke da tasharsa a kusa, da tsarin da zai cire kansa daga babban layi idan ya ga alamar faɗuwa, yana zama kamar tsibiri mai haske.

Maiduguri ta koyi wannan ta hanya mai ɗaci. A Janairun 2021 mayaƙa suka tarwatsa turakun layin da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, bayan kwanaki kaɗan suka sake dasa musu bam. Birnin ya yi watanni a duhu. A Maris na 2023 aka buɗe tashar gaggawa ta NNPC da aka tsara wa megawat 50, wadda ake kai wa gas da tankoki daga Kudu. Wutarta na da tsada kuma ba ta wadatar da birnin, amma ba ta bi ta dajin da ake kayar da turaku ba.

Jamhuriyar Nijar ma ta ɗanɗana. Kafin tsakiyar 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take samu, babban kaso ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Da aka yanke bayan juyin mulkin Yulin 2023, Yamai ta koma rabon wuta unguwa-unguwa har zuwa Maris na 2024, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage mata raɗaɗi.

To me Kano da Kaduna suke da shi da za su tsaya a kai idan aka sake yanke su? Kaɗan ne ƙwarai. In ban da Geregu a Kogi da ƙaramar tashar Maiduguri, duk manyan tashoshin gas a Kudu suke. Tashar Kudenda da ke Kaduna mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009, ba ta fara aiki ba har duhun Oktoba ya zo ya same ta. Da tana aiki, da ita kaɗai ta maye kusan rabin abin da aka rasa a asubahin nan. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka fara a 2020, shi ne zai ciyar da irin waɗannan tashoshi, kuma an sha ɗage ranar kammala shi. Mambila mai megawat 3,050 ta shafe shekaru tsakanin takarda da kotu. Abin da ke ƙasa su ne ƙanana: Dadin Kowa a Gombe da Kashimbila a Taraba, kowacce megawat 40, tashar sola ta Challawa a Kano mai 10 da aka buɗe a Janairun 2023, da injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, su ma 10, bayan jinkirin sama da shekara goma.

Rana kuwa Arewa ba ta rasa ta ba, kuma bayan duhun an yi ta maganar kafa manyan tashoshin sola a kowace jiha. Sai dai sola ita kaɗai ba ajiya ba ce. Tana mutuwa da magariba, daidai lokacin da gidaje ke kunna komai, kuma yawancin tashoshinta idan babban layi ya faɗi su ma kashe kansu suke yi. Sai an haɗa ta da batiri ko injin ruwa ko na gas da zai riƙe mata bugu kafin ta iya zama tsibiri.

A gaskiya Najeriya na da wutar ko-ta-kwana mai ɗimbin yawa, sai dai a tsakar gidaje da bayan shaguna take. Kowane banki da otal da asibiti da turken sadarwa yana da janareta, masu hali sun koma sola da batiri, mai shagon aski yana da ƙaramin injinsa. Kowa ya sayi tasa safayar da kuɗinsa, a farashin da ya ninka na wutar layi. Wanda ba shi da hali, shi ne ya kwana tara yana fifita da kwali.

A ɓangaren doka an motsa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita, wasu kuma sun karɓa. A 2025 an cire aikin sarrafa layi daga hannun TCN aka miƙa wa wata sabuwar hukuma mai zaman kanta, NISO, wadda sayo ajiya da daidaita bugu ke cikin aikinta. TCN ya rage da turaku da wayoyi. Ranar 10 ga Satumban 2025 layin ya sake faɗuwa, kuma bayanin da NISO ta bayar shi ne wata tasha ce ta fita kwatsam, sauran suka bi ta.

Shi kuwa duhun Oktoba, ya kawo ƙarshe ne ranar Laraba 30 ga watan, da ƙarfe 4:56 na yamma, lokacin da TCN ya kunna ɗaya daga cikin layukan Ugwuaji biyu. Wuta ta koma Makurdi da Lafiya da Jos da Kaduna da Kano da Bauchi da Gombe, yara suka yi ta ihun an kawo wuta a unguwanni. Layin Shiroro zuwa Mando na nan a yanke a ranar. Bayan kwana shida, ranar 5 ga Nuwamba, babban layin ƙasa ya durƙushe. Ranar 7 ga watan ya sake.